Gaisuwar da Na Kai da I'inata

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata a Garwa, ban da ranar da kakata ta ja ni gaisuwar mutuwa. Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, lokacin jiragen ruwa na hawo kogin Binuwai da damina. Ina saurayi, ina taya kawuna fawa a kasuwa, amma i'ina ta hana ni sakewa. Mai saye ya tambaye ni, sai in nuna masa kawu da baki in ci gaba da yanka.

Ƙawar kakata ce ta rasu, matar wani dattijo Bafulatani. Da muka isa ƙofar gidan, kaka ta saki hannuna.

"Maigidana, ni zan shiga wajen mata. Kai za ka gaida maza a madadin gidanmu."

"Ka-kaka, kin san bakina."

"Na san shi sarai. Ai ni na fara ba shi kunu."

Ta shige abinta. Zaure cike da mutane. Na durƙusa gaban dattijon, na fara "Allah ya ji..." sai kalmar ta maƙale. Ji, ji, ji, gumi na bin bayana. Wani na gefe, don tausayi, ya buɗe baki zai ƙarasa mini. Dattijon ya ɗaga masa hannu.

"Munyal, in ji mu Fulani, wato yi haƙuri. Gaisuwarsa ce, bari ya kawo ta da kansa."

Ya zuba mini ido, babu gaggawa a fuskarsa, har "jiƙanta" ta fito. Ya amsa da amin, ya kama hannuna ya zaunar da ni kusa da shi.

"Ɗana, tun safe ake gaishe ni a guje. Zauna ka ba ni labarin kakarka, da ƙafarta take zuwa kasuwa har yanzu?"

Muka yi hira har la'asar, ina tuntuɓe yana jira. Washegari da bakina na yi wa wata mata bayanin tsokar da take nema.

Yau na tsufa, i'inar tana nan, jikokina har kwaikwayona suke yi muna dariya. Abin da na koya a zauren nan shi ne, ba sai harshena ya miƙe zan yi magana ba. Ni dai in fara, mai son ji zai jira.