Na Sayar da Hatsin Mahaifina Alhali Ina Koya wa Jama'a Tattali

Assalamu alaikum edita da masu karatu. Na daɗe ina son rubuto wannan wasiƙa, kullum sai kunya ta hana ni. Ina roƙo a sakaya sunana.

A lokacin da abin ya faru ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Damagaram, ina koyar da lissafi, ina zaune a gidan haya a Kara-Kara da matata da ƴaƴanmu biyu. Asalina ɗan wani ƙauye ne a wajen Zermu, kuma ni kaɗai ne a gidanmu na yi boko mai nisa. Da yake na san zafin albashin da ba ya kai ƙarshen wata, sai na fara ƴan rubuce-rubuce a salula kan yadda magidanci zai tafiyar da kuɗinsa: a sayi hatsi da tiya mai yawa maimakon awon kullum, a ware na magani, a guji bashin biki. Mutane suka riƙa tura wa juna. Ba a jima ba wani ƙaramin gidan rediyo ya kira ni in riƙa karanta rubutun sau ɗaya a mako. Nan da nan sunana na yanka ya ɓace, ko'ina sai Mushe Mai Tattali, da yake Mushe ake kiran malamin boko a wajenmu.

Sunan nan shi ya fara cin ni. Sai na ga ai wanda yake koya wa mutane arziki bai kamata a gan shi kan tsohon keke ba. Na karɓi sabon moto, wato babur, a hannun wani ɗan kasuwa bisa sharaɗin in riƙa biya wata-wata. Na ɗinka shadda kala uku a wajen wani Bakano da ke kawo yadi, na canja salula da hujjar ɗaukar murya. Daga nan firigo na sanyaya ruwa ya shigo, tele ta kallo ta biyo baya. In na zauna a fada da abokai ni ke aikawa a sayo kilishi, in ana suna ko ɗaurin aure ba na iya miƙa abin da sauran malamai suke miƙawa, don kada a ce tattalin nawa rowa ce. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne layyar wata shekara. A makon da na karanta dogon rubutu ina jan kunnen magidanta kada su ci bashi don gasar rago, a makon na jawo ragon da ya fi na kowa a layinmu, rabin kuɗinsa kuma ban biya ba. Matata ta tambaye ni ko an ƙara mini albashi ne, na ce mata rediyo ke biya. Gaskiyar magana, abin da rediyon ke ba ni bai wuce kuɗin man moto ba.

Da kaka ta zo aka samu albarka a ƙauyenmu. Na yi wani rubutu da ya fi duk na baya yaɗuwa, inda na ce wa manoma kada su zubar da hatsinsu a kasuwa yana arha, su adana har bazara. Ashe mahaifina ya ji a rediyonsa. An ce ranar har maƙwabta ya kira su zo su ji muryar ɗansa. Bayan kwana kaɗan yayana, wanda shi ke riƙe da gonar gidanmu, ya kira ni ya ce Baba ya yanke shawara: za su bar na ci kaɗan a rumbu, su sussuke sauran su aiko mini buhu ashirin in ajiye a birni. In kaya sun yi daraja a sayar da rabi a sayi taki da ɗan bijimin huɗa, rabin kuma a mayar gida a ci da damina. Ya ce Baba ya ce hatsin ya fi tsira a hannuna, don a ƙauye kullum ana zuwa roƙo. Na kama wani ɗaki kusa da gidana, aka jera buhunan, na sa kwaɗo, mabuɗi ya shiga aljihuna.

Wata biyu ban taɓa ko ƙwaya ba. Sai mai moto ya fara tsayawa a ƙofar lakwal lokacin tashi, yana gaishe ni da ƙarfi a gaban abokan aiki. Na ce a raina bari in ari buhu biyu, ƙarshen wata in mayar. Wani mai sayen hatsi da ke lodi zuwa Kano ya turo amalanke ya ɗauka, bai tambaye ni komai ba. Ƙarshen wata ya zo, mai shadda ya riga kowa zuwa. Na sake ara. Tun ina ƙirgawa har na daina leƙa ɗakin sai in zan fitar. Da na ga ramin ya yi zurfi, sai na aikata abin da ni da bakina na sha hana mutane. Akwai wata harka da ake yi ta salula, wai ka zuba kuɗi su ninka cikin makonni. Na sayar da buhu biyar a rana ɗaya na zuba. Sau ɗaya suka ba ni ƴar riba, na ƙara da ita, daga nan lambar ta daina shiga.

Ban san yadda zan kwatanta watannin da suka biyo baya ba. Ba na iya zama wuri ɗaya. In ina gida sai in ji bango na matse ni, in fita, in na isa fada ban gama kofin shayi ba na miƙe. Na canja hanyar zuwa masallaci don kada in wuce ta ƙofar ɗakin. A aji ina rubuta lissafi a allo, kaina na can yana lissafin buhuna, har yara su ce Mushe an yi kuskure. In salula ta yi ƙara na ga lambar ƙauye, sai in daɗe kafin in ɗauka. Kullum ina ce wa yayana a ƙara haƙuri, kasuwa ba ta gama tashi ba, shi kuma ya ce ai ni na san kan abin. Duk da haka kowane mako ina zama in rubuta nasiha, in je in karanta ta da murya mai sanyi. Matata ta ga ina ramewa ta ce in je likita. Ita ma ban gaya mata ba.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, yayana ya kira ya ce rumbu ya ƙare, ranar Alhamis za su shigo motar kasuwa su kwashi rabonsu. Ban yi zaton Baba zai zo da kansa ba, don ƙafarsa na damunsa, sai ga shi da sandarsa. Muna tafiya zuwa ɗakin wani maƙwabcina ya tare mu, da ya ji mahaifina ne sai ya riƙe hannunsa yana sa masa albarka, yana cewa saboda maganata ya adana wakensa bana, ga shi ya yi rufin ɗakinsa ba bashin kowa. Baba yana murmushi yana cewa alhamdu lillahi. Ni kuwa na wuce gaba da mabuɗin a hannuna.

Na buɗe ƙofa. Buhu uku ne jingine a lungu. Yayana ya shiga ya duba bayan ƙyaure, kamar sauran za su ɓuya a can. Baba ya daɗe yana kallon ƙasa inda shatin buhunan ya fito, sannan ya tambaye ni a hankali ko ɓarayi ne suka shiga. Wallahi ƙaryar tana bakina, na kwana biyu ina shirya ta, kuma na san in na faɗa zai karɓa. Amma na kasa.

Na ce, "Ni ne, Baba. Ni na sayar."

Yayana ya fara faɗa, yana tambayata ko na san rana nawa ya yi a duƙe kafin hatsin nan ya zama hatsi. Baba ya ɗaga masa hannu ya yi shiru. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Ashe yunwa kake ji a birnin nan ba ka faɗa ba. Ɗauki ɗaya ka kai wa iyalinka, biyun a sa mana a mota." Da duka ya yi mini da sandar nan da ya fi mini sauƙi.

Daminar nan gidanmu ya sha wuya. Ba taki, ba bijimi. Yayana ya riƙa zuwa ƙwadago gonakin mutane don a samu na awo, tasa gonar ciyawa ta cinye gefe guda. Matarsa ta sayar da awakinta. Ni kuma na sayar da moton da firigo da tele, duk a ƙasa da yadda na saya, na riƙa sayen hatsi da tsadar da nake gaya wa mutane su jira, ina aikawa tiya-tiya. Na zauna na gaya wa matata komai. Ta yi kuka, ta ce abin da ya fi ƙona mata rai shi ne tana cin ragon nan tana yi mini addu'ar buɗi. Tun daga lokacin albashina a hannunta yake kwana. Na ce wa rediyo ba ni da lafiya, ban koma ba. Sai da aka shekara biyu kafin na gama mayar da buhunan, kuma har yau in na je gida gaisuwa ce kawai tsakanina da yayana. Baba ya rasu bara, bai taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya.

Daga baya na buɗe cikina ga wani abokina da shi ma yake irin wannan rubutu a harshen Faransanci. Ya yi dariyar da ba ta daɗi ba, ya ce shi ma albashinsa na watanni yana hannun banki tun kafin ya fito. A nan na gane sanin hanya daban, bin ta daban. Duk abin da na rubuta gaskiya ne, waɗanda suka bi sun amfana, ni ne kawai na ɗauka cewa mai faɗa ya fi ƙarfin abin da yake faɗa.

Ga ƴan'uwana masu ba da shawara kan kuɗi, a rediyo ko a salula, ku ji tsoron ranar da za ku fara sayen kaya don su yi daidai da sunanku. Ku samu mutum ɗaya, ko matarku ce, da zai san gaskiyar aljihunku. Ku kuma masu sauraro, ku ɗauki nasihar in ta yi muku, amma kada daɗin bakin mutum ya sa ku miƙa masa guminku ba shaida, ko da ɗanku ne. Wanda kuma ya riga ya taɓa amana, ya faɗa tun yana kan buhu biyu. Ni na jira har saura uku, kuma tsohon da ya kamata in nemi gafararsa da kyau yanzu sai dai in bi shi da addu'a.