Baba Kepas, Mai Tsugunawa Bayan Salansa

Kafin raɓar da ta daskare a kan kunyoyin dankali ta narke, Baba Kepas Yangao ya riga ya fito, hular ulu har kunne, gasasshen dankali a aljihu yana ɗumama masa hannu. Garejinsa yana kasuwar Laiagam, amma gidan wanda motarsa ke neman gyara yake fara nufa. Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari a tsaunukan nan ya haddace dokarsa: kada ka tada ta sai na zo. Injin dizal, in ji shi, da zarar ya yi ɗumi sai ya ɓoye ciwonsa.

Sai ya tsuguna bayan salansa, ya ɗaga hannu a murɗa makulli. Farin hayaƙin da ya watse nan take, sanyi ne kawai. Wanda ya yi yaji a ido, mai ne bai ƙone ba, a duba hitar ɗumama injin ko nozul mai fesa man. In ya yi shuɗi-shuɗi, baƙin mai take sha. Ido kaɗai ba ya isarsa, sai ya shaƙa. Shekara da shekaru ƙirjinsa yana tara abin da mu muke toshe wa hanci.

Sista Rosela, ungozomar ƙaramin asibitinmu, ba ta gajiya da ba da labarin motar asibiti. Direban, Lome, mijin 'yar Baba ne. Ya ga tana tuƙuƙin hayaƙi da safe, kunyar surukinsa ta sa ya ɗumama ta kafin tsohon ya iso. Baba ya dafa bonet, ya ji ɗumi, ya dubi Lome.

"Lome, wa ka yi wa kwalliya? Ni ko motar?"

"Baba, tausayinka na ji, sanyi ya yi yawa."

"Tausayin kanka dai. Gobe in ka taɓa makullin nan, aladun da ka kawo na sadaki ka zo ka kora abinka."

Washegari hayaƙin ya fito fari, mai kauri, da wani ƙamshi zaƙi-zaƙi, ya ƙi watsewa. Ruwan lagireto mai sanyaya motar ne ke shiga injin. Baba ya sauke kan injin a ranar. Da ba haka ba, in ji Sista, a tsakiyar hawan dutse za ta mutu musu da mai naƙuda a ciki.

Bana tari ya kayar da shi. Numfashi ya zama aiki, dole a sauka da shi babban asibiti a Wabag. Da sassafe aka kwantar da shi a cikin motar asibitin nan, Lome ya kai hannu ga makulli.

"Dakata," in ji Baba, da ƙyar. "Ku buɗe ƙofar baya."

Aka buɗe, aka tada. Ya ɗago kai yana kallon hayaƙin har ya watse, sannan ya koma ya kwanta.

"Za ta kai mu. Mu je."

Ta kai su, ta kuma dawo da shi. Likita ya raba shi da salansa har abada, kuma wannan ya fi ciwon yi masa zafi.

Baba Kepas, kai ne hancin tsaunukan nan. Kai ne ka tsuguna inda kowa ke gudu, domin matanmu su isa asibiti, kabejinmu ya isa kasuwa. Yaran da aka haifa lafiya ba su san ƙirjinka ne ya ɗauke musu wahalar ba, mu kuwa mun sani, kuma abin yana mana nauyi a zuciya. Mun gode. Allah ya ƙara maka numfashi.

Ku matasan makanikai, ku ɗauki haƙurinsa da sammakonsa, ku je wa mota tun tana da sanyi. Amma ku rufe hanci, shi da kansa ya ce a gaya muku. Yanzu a bakin ƙofarsa yake zama da bargo, kuma duk motar da ta wuce da safe, bayanta yake kallo.