Turken Gladys a Gonar Manga

A Zuru, Gladys 'yar Abel tsohon soja ake kira mai duba gada. Shekara tara ke nan duk wata take ɗaukar na'urarta mai ƙafa uku ta je gadar hanyar Manga, ta auna ko ta nutsa ko ta karkata. Wani turken ƙarfe ta kafa a bakin gona, daga shi take gwada komai, kuma ba ta yarda ko akuya a ɗaura masa.

Wata damina awo ya nuna gadar ta gusa taki guda. Injiniyan da take aika wa awon ya bugo waya daga Birnin Kabi yana ihu a rufe hanya.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, gadar da ta yi tafiyar taki guda ai da tuni tana cikin rafi. Ba ni awa biyu."

Ta bi kunyoyin gonar har wurin turken. Ashe samarin golmo ne, masu yi wa uban yarinya noman shekara bakwai don neman aurenta, suka zo huɗa. Turken ya tare musu hanya suka tuge shi, kuma don ladabi suka sake kafa shi a gefe, har da tokara masa duwatsu.

Ranta ya ɓaci, amma ba ta zagi kowa ba. Ta sa aka huda dutsen bayan gonar, aka dasa sabon ƙarfe da siminti. Sannan ta durƙusa gaban mai gonar.

"Baba, duk wanda ya iya tuge wannan, ba shi 'yarka, ya gama golmonsa."