Baba Ilu da Akuyarsa Talatu

Duk wanda ya taɓa tambayar Baba Ilu wani abu ya san ba ya amsawa kai tsaye. Sai ya waiwaya ya dubi akuyarsa, ya ce, "Talatu, kin ji?" In ta ci gaba da tuƙa, to an yarda. In ta kaɗa kunne, kama hanyarka. Ni Sabo mahauci, rumfata tana daura da zaurensa a nan Kiru, kuma wallahi a gabana aka fasa musayar gona saboda ƙuda ya sauka a kunnen akuya.

Maƙonsa kuwa ai ba sai na faɗa muku ba. Mutumin da goro ɗaya ke kai shi kwana uku, wanda ke rataya takalmi a kafaɗa daga nan har Bebeji don kada hanya ta cinye shi! Amma Talatu, dusa da kanwa safe da yamma. Ran nan matarsa, Inna Kande, ta shanya gari a tabarma, akuya ta share rabi. Inna ta fito da muciya, ya tare ta.

"Kande, ajiye. Ke kika shanya a hanyarta."

"Malam, tuwonka ne fa ta cinye!"

"To waje ya fita? Ai yana cikin gida."

Shekarar da malamin dabbobi na En'e ya zo yi wa shanu allura, Fulani suka cika filin bayan gari. Sai ga Baba Ilu a layi, tsakanin manyan bijimai, riƙe da igiyar Talatu. Malamin ya ce, "Baba, allurar shanu ce." Ya ce, "Ita wannan me ta rasa? Ƙaho biyu, ƙafa huɗu, nono kuma ta fi wasu da nake gani a nan." Da malamin ya gaji da gardama, sai ya dangwale ta da gindin allurar, ya ce an gama. Wata guda Baba yana tare mutane a hanya: "Kun ga ƙibar da ta yi tun allurar nan?"

Ni ma ban raga masa ba. Da zarar sun gifta rumfata sai in ce, "Baba, Sallah ta kusa." Shi kuma ya ce, "Ɗan banza, rufe wuƙarka, tana kallo."

To, tsufa ya cim mata. Haƙora suka zube, ido ya dushe. Wata safiya bayan girbi ta zame cikin busasshen kududdufi, ta karya ƙugu. A kafaɗa ya ɗauko ta. Ya kirawo mai ɗori, mai ɗori ya lalluba ya ce wannan ba ta ɗoruwa. Baba ya ce da ma can bai iya aiki ba.

Kun san ƙa'ida. Dabba in ta kwanta, ana sa mata wuƙa tun da sauran numfashi, in ba haka ba ta zama mushe, a ja ta a yar. Maƙwabta suka yi ta sintiri: "Baba, a yanka, kada nama ya tafi a banza." Kowa amsa ɗaya yake samu: "Naman gidanku ne?" Kwana uku yana ɗura mata kunu da ludayi, ita kuwa tana wani kuka siriri da har ni, da na saba, sai da na daina cin abinci a rumfa.

A rana ta uku Liman ya zo da kansa. Ya ce, "Ilu, ni ba nama ya kawo ni ba. Kana jin kukan nan? Kai za a tambaya. Kuma in ta cika da kanta, ungulu ne za su raba ta a bayan gari, kana ji kana gani."

Da hantsi sai ga shi a rumfata, ba igiya a hannu. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya ce, "Sabo, ɗauko abin nan naka. Ka wasa a nan, ba a gabanta ba. Kuma in ka yi mata ba'a yau, ban yafe ba."

Ya ba ta ruwa, ya fuskantar da ita alƙibla, ya cire hularsa ya rufe mata ido, ya juya fuskarsa bango. Na yi bisimilla.

Naman duk ya sadakar, ko romo bai taɓa ba. Sannan ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna karɓar gaisuwa, har da rabon goro, guda-guda cur! Jama'a kuwa, naman nan igiya ne. Kashegari Liman ya zo dafe da kunci.

"Ilu, sadakarka ta tafi min da haƙori."

"Kai ka ba da fatawa, Malam. Ai dole ta rama."

Ranar ya fara dariya, mu ma muka samu ta yi.

Ya ƙara shekara huɗu a duniya, bai sake ɗaure ko ɗan tsako ba. Abu ɗaya ne ban taɓa gaya wa kowa ba. Duk sanda muka kaɗaita sai ya rage murya ya ce, "Sabo, ka yi sauri dai ko?" In ce, "Na yi sauri, Baba. Ba ta ma sani ba." Ya gyaɗa kai, bayan wata biyu ya sake tambaya.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi na je duba shi bayan azahar. Ya kama wuyan hannuna, ya sake tambayata, na sake ba shi amsa. Sai ya ce, "To roƙa min Allah, mai zuwa ɗaukata ya zama mai saurin hannu irinka."

Na ce, "Amin, Baba." Kashegari Inna Kande ta je ɗebo masa ruwa, kafin ta dawo da moɗa ya cika.

Allah ya ji ƙan Baba Ilu. Tausayin da ya yi wa baiwar Allahn da ba ta da bakin godiya, Allah ya sa ya tarar da ninkinsa. Amin.