Faifan Walda a Talata Mafara

Sulaiman, manomin albasa daga Dakko, yana tsaye a bakin wata rumfar walda a Talata Mafara, hankalinsa na kan gonarsa da ta fara yaushi tun da bututun injin ban-ruwansa ya tsage. Bai san mai rumfar ba, kwatance aka yi masa. Dattijo ne siriri mai furfura, gaban rigarsa duk ƙunar tartsatsi.

Abin da ya ɗaure wa Sulaiman kai shi ne dattijon ba ya riƙe bakin na'urar waldar iskar argon da hannu. Ya ɗaure shi a jikin ƙarfe, bututun kuma yana kan wani faifai da ya haɗa da sarƙar keke da injin share gilashin mota. Yana taka fedar keken ɗinki, faifan na juyawa a hankali, shuɗiyar wuta na ɗinke tsagar.

Sai janareta ya yi tari, wutar ta yi rawa. Bututun ba kauri, in ya ɓule shi ke nan.

"Baba, in zo in riƙe maka?"

"Tsaya inda kake, ɗana, kada ka taɓa teburin nan."

Zagayen ya cika, dattijon ya ɗaga ƙafa. Da ya kai hannu zai cire gilashin fuskarsa ne Sulaiman ya ga yatsunsa na karkarwa, sun kasa kama maɗaurin. Ƙila shekaru ya yi yana ɓoye wannan da dabarar faifan nan don kada a daina kawo masa aiki. Sulaiman ya kau da kai, ya duƙufa duba ɗinkin.