Tsohuwar Waya da Sabuwar Rediyon Baba

Wautar da na tafka ita ce cika baki cewa na san cikin rediyo, alhali ban taɓa ganin cikin komai ba sai na kabewa.

Shekarar da auduga ta yi kyau Baba ya sayo sabuwar rediyo mai kaset a Funtua. Tsohuwar tamu tana da rami a baya inda ake cusa doguwar wayar da aka ɗaure a kan gora bisa rumbu, da ita muke kama tashar Kaduna garau a garinmu Ƙarfi. Sabuwar kuwa babu rami, sai 'yar sandar ƙarfe da ake ja, kuma ba ta kamo komai sai shuuu kamar ana suyar ƙosai.

Ranar da Baba ya tafi kasuwar Malumfashi na ɗauki wuƙar yanka kuɓewa na kwance bayanta. Batura suka zube. Na dangwala bakin wayar a duk inda na ga ƙyalli, na mayar da komai, na murɗa. Shiru. Ko suyar ƙosan babu. Ga sukurori biyu sun rage a tafina.

Na yi maza na cusa su a aljihu. Yayata ta leƙo daga madafa.

"Injiniya, ka kashe ta?"

"Hutawa take yi, Yaya."

"Kai ma yau za ka huta. Baba ya ce ko ƙuda ne ya sauka a kanta sai ya faɗi dalili."

Na hura mata iska, na girgiza ta, har addu'a na tofa mata. Duk ƙararrawar keken da ta wuce sai in leƙa waje in ga ko Baba ne. Na sa wando uku saboda bulala. Na tsara gudu zuwa Gozaki wurin kawuna, sai na tuna shi ma bulalarsa a rataye take.

Bayan la'asar Baba ya jingine keke, ya ce in kawo rediyo. Na miƙa ta da hannu biyu. Ya murɗa, shiru. Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, na rantse sai da gumi ya jiƙa wando na uku.

Sai ya buɗe murfin batura, ya juya guda ɗaya da na sa a baibai. Ta yi shuuu. Ya jawo wayar gora ya naɗe ta a kan sandar ƙarfen, Kaduna ta fito garau.

Bai dake ni ba. Ya hana ni taɓa ta har aka gama girbin dawa. Sukurorin nan biyu na jefa su a bayan rumbu, rediyon kuma ta yi shekaru tana aiki ba su.