Yaya Sule da filayar likita

Jama'a, yau na rama! Ku zo ku sha labari!

Kun san wana, Yaya Sule. Duk ranar da 'yata Hajara ta sha alewa sai ya ce, "Likita zai fizge haƙorinki da filaya!" Yarinya ta yi ta fama da ciwon haƙori, amma ta ƙi asibiti saboda shi.

Yau na ja ta da ƙyar zuwa wurin likitan haƙori a Maamobi. Tana ganin kujerar ta ƙanƙame mayafina. Nas ta kunna mata katun a waya, ta ce, "Duk sanda magen nan ta faɗi, ɗaga mini yatsa." Hajara na ta ɗaga yatsa har aka cire haƙorin, ba ta ma sani ba!

Muna fitowa, wa zan gani a benci riƙe da kumatu? Yaya Sule! Goro ya fasa masa haƙori! Aka kira sunansa, ya jiƙe sharkaf da gumi, yana cewa, "Madam, a bari sai gobe mana."

Hajara ta ce da ƙarfi, "Anti nas, ki kunna wa Kawu mage, tsoron filaya yake ji!"

Duk layin aka fashe da dariya. Ni kuwa na ɗauki bidiyo tsaf, ga shi nan na turo.

Yaya, na ga ka karanta. Mage ta faɗi, ɗaga yatsa!